Gadon Asibiti da Teburin Bincike: Ta Wace Hanya Likitan Ƙwaƙwalwa Zai Haɗa Su?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, kuma rabon Arewa a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙaranci ne ya sa duk matashin likitan da ya shigo fannin ake jan sa ta fuska biyu. Asibiti na son sa, domin layin marasa lafiya a Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri ba ya yankewa. Jami'a ma na son sa, domin malamai sun yi kaɗan, ga tambayoyi birjik a kan lafiyar ƙwaƙwalwar mutanenmu da babu wanda ya zauna ya amsa su. Wanda ransa ke son duka biyun, ya zauna da mara lafiya ya kuma yi bincike na haƙiƙa, dole ya tsara tafiyarsa: wanne zai fara, wanne zai jinkirta, ko kuwa tare zai ɗauke su.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan likitocinmu, gara a kammala horon asibiti ba tare da an katse shi ba, a ba kundin binciken ƙarshen horo muhimmanci fiye da yadda aka saba, sannan a nemi digirin digirgir bayan an zama babban likita. Amma akwai waɗanda wannan shawara ba ta dace da su ba, shi ya sa sai an auna kowace hanya da abin da take ci.

Kwalejoji biyu ne ke riƙe da horon ƙwarewa: ta ƙasa, wato NPMCN, da aka kafa a 1979, da ta Afirka ta Yamma, WACP, wadda ta girme ta da 'yan shekaru. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Likita ya ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, ya yi ƙaramin zango yana zagaya sassa: manya, yara da matasa, tsofaffi, masu shaye-shaye, masu shari'a a kotu, da 'yan watanni a sashen jijiyoyi. Sai jarrabawar Kashi na Ɗaya. Daga nan ya zama babban rijistara, nauyi ya ƙaru, ƙananan likitoci suna ƙarƙashinsa, kuma a wannan zangon ne ake so ya rubuta kundin bincike ya kare shi a jarrabawar Kashi na Biyu. In ya haye, ya sami feloshif, wato shaidar ƙwarewar da ke mayar da shi babban likita. Tafiyar takan ci shekara 5 zuwa 6 in ba faɗuwa ba yajin aiki.

Ke nan bincike yana cikin horon tun asali. Damuwar ita ce yadda ake yin sa. Likita ya kwana a kol, wato aikin jiran kira a asibiti, ya wayi gari a kilinik cike maƙil, ya yi zagayen gadaje, sai da daddare ya buɗe kwamfuta ya taɓa kundi. Abin da ke fitowa galibi iri ɗaya ne: a raba takardar tambayoyi ga masu zuwa kilinik, a ƙirga nawa ne ke da ciwon damuwa, a gwada da shekaru da jinsi da zaman aure, a ɗaure a ajiye a kanta. Ba laifin ɗalibin ba ne, lokacin da aka bar masa ke nan, kuɗin kuma daga aljihunsa suke fita. Sai dai irin wannan aikin ba ya mayar da mutum mai bincike. Bai koya masa yadda ake bin sawun marasa lafiya shekara da shekaru ba, ko yadda ake gwada wata hanyar jinya a kan wata, ko yadda ake rubuta takardar neman tallafi, ko yadda ake doguwar hira da iyali a fitar da ma'ana daga cikinta.

Wani zai ce to me ya kai mu ga wannan wahala, tunda ga littattafan Turai da Amurka cike da bincike? Tarihin fannin a ƙasarmu ya amsa. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga horo a Ingila a 1954, ya tarar da asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta ba isassun gadaje, ya kuma lura cewa mara lafiyar da aka raba da danginsa ba ya samun sauƙi da wuri. Sai ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Da ya tsaya a nan, da abin ya mutu tare da shi. Amma ya rubuta, ya auna, ya haɗa hannu da masana daga Jami'ar Cornell suka yi binciken da aka buga a 1963, duniya ta san da tsarin Aro, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Bayansa, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranci babban binciken gida-gida, wanda rahotonsa na 2006 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na waɗanda aka yi hira da su sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kashi 8 kacal na masu larura mai tsanani ne suka sami wani magani a shekarar da ta gabata. Wancan rahoto daga yankunan Yarbawa aka tattara shi. Gureje ne kuma da abokan aikinsa suka gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020, ya nuna marasa lafiya sun fi samun sauƙi.

Yanzu dubi namu. Mara lafiyarmu yakan bi ta wurin malam da mai ruƙiyya, wani lokaci da boka, kafin ya iso asibiti, amma wa ya auna tsawon lokacin da wannan ke ci da abin da yake jawowa? Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya yi ƙamari, amma wace hanyar jinya ce ke hana yaron da aka sallama komawa ruwa? A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da wasu wurare, ina waɗanda aka kwance wa sarƙa suka ƙare? Ga matan jego da ke shiga damuwa, kunya ta hana su faɗi. Ga mutanen Borno da Zamfara da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya amsa mana waɗannan, sai likitan da ke jin harshen mutanen, ya kuma san hanyar bincike.

Hanya ta farko: a gama horo, sannan a shiga digiri

Babban alherinta shi ne feloshif na hannu. Duk abin da ya faru da binciken daga baya, tallafi ya yanke ko mai duba kundi ya bar ƙasa, kai babban likita ne, kana da sana'ar da za ka ci abinci. Abu na biyu, tambayarka ta nuna. Wanda ya shekara biyar yana ganin mutum ɗaya na dawowa da ciwo ɗaya saboda an daina sayen magani da zarar ya ɗan warware, ya san abin da ya cancanci a bincika fiye da wanda ya tsinci taken kundinsa a mujalla. Abu na uku kuwa ƙofofi ne. Jami'a takan ɗauki mai feloshif a matsayin malami, asibitin koyarwa ya ba shi matsayin babban likita, kuma da wannan kujerar ce ake neman mafi yawan tallafi. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Shirin CARTA, da ke horar da masu digirin digirgir a Afirka tun 2008, ma'aikatan jami'o'in da ke cikinsa yake ɗauka, irin su Ibadan da Ile-Ife. Tallafin K43 na cibiyar Fogarty ta Amurka an yi shi ne don ƙananan malamai a ƙasashe masu tasowa, yana kai shekara 5, da sharaɗin mutum ya ba bincike kashi 75 na lokacinsa.

Illarta ba ƙarama ba ce. Kafin mutum ya gama karatun likita, ya yi aikin gwaji da bautar ƙasa, ya jira gurbi, ya kammala horo, shekarunsa sun doshi arba'in. Ga iyali, ga kuɗin makarantar yara, ga dangi da suka daɗe suna jiran ranar da zai fara ɗaukar nauyi. A fannin da mutane suka yi kaɗan, sabon babban likita kan wayi gari an naɗa shi shugaban sashe, ko ya zama shi kaɗai ne a jiha guda, kowane kwamiti da shi. Asibitoci masu zaman kansu na kiran sa da yamma. Shekara uku sai su wuce bai buɗe kundin da ya ce zai buga ba. Na ga masu basira da dama da binciken ya mutu a hannunsu ta wannan hanya, ba don sun daina so ba, sai don kullum ana cewa sai an ɗan sarara, sararin kuwa bai zo ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya yi rajistar digirin cikin shekara ɗaya ko biyu da gama horo, kafin muƙamai su rufe shi.

Hanya ta biyu: a ɗauke su tare

Nan sai an rarrabe tsakanin digiri na biyu da na uku, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Digiri na biyu a lafiyar al'umma, ko ilimin bazuwar cututtuka, ko lissafin ƙididdiga, yana yiwuwa a zangon babban rijistara, kuma ina ganin shi ne mafi amfanin abin da mai sha'awar bincike zai yi wa kansa a wannan lokaci. Yana cike ainihin giɓin da horon ya bari: yadda ake ƙayyade yawan mutanen da za a bincika, yadda ake gane son rai a cikin bayanai, yadda ake sarrafa alƙaluma da kanka ba sai ka biya wani ya yi maka ka karɓi abin da ba ka fahimta ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da irin waɗannan kwasa-kwasai. Mai son fannin yara, akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta assasa. A Afirka ta Kudu kuma akwai cibiyar Alan Flisher ta jami'o'in Cape Town da Stellenbosch, mai digiri na biyu a lafiyar ƙwaƙwalwar al'umma. Wanda ya yi irin wannan kafin ya rubuta kundin Kashi na Biyu, bambancin aikinsa da na tsaransa a fili yake.

Digirin digirgir tare da horo kuwa wani abu ne daban, taura biyu ce a baki ɗaya. Kana ƙarƙashin iyayen gida biyu da ba ruwan ɗaya da jadawalin ɗaya. Kwaleji na da ranakun jarrabawarta sau biyu a shekara, asibiti na da wa'adin da in ka wuce za a sallame ka, jami'a kuma na da nata tsaikon: yajin aikin malamai ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Ba kuma za ka miƙa aiki ɗaya ga wurare biyu ba, kowanne na son nasa sabo. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyan farashin a ɓoye. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da na'urar da za ta nuna masa ciwon, kunnensa da haƙurinsa ne kayan aikinsa. Wanda hankalinsa ke kan babi na uku yayin da uwa ke ba shi labarin yadda ɗanta ya fara magana shi kaɗai, zai rasa abubuwan da ba a koyon su a littafi, kuma waɗannan shekarun ne kaɗai yake da babba a kansa mai gyara masa. Ban ce ba a taɓa yi an dace ba. Amma sai in shugaban sashe ya amince a rubuce, ya rage maka kol, kuma binciken a cikin asibitin da kake aiki yake.

Hanya ta uku: a dakatar da horo a je a dawo

Wannan takan zo ne ba shiri: an ci Kashi na Ɗaya, sai ga gurbin karatu da cikakken tallafi daga waje. Ribarta ita ce shekara uku ko huɗu cur ba kol ba kilinik, a lokacin da ƙwaƙwalwa ke da kaifi. Ga mai son binciken ƙwayoyin gado ko hoton ƙwaƙwalwa, wanda ke buƙatar ɗakin gwaji da kayan da ba mu da su, wataƙila ita ce kaɗai hanyarsa. Fage ne kuma da ke buƙatar 'yan Afirka, domin mafi yawan abin da aka sani game da gadon ciwon hauka daga jinin Turawa aka samo shi, kuma babban aikin NeuroGAP da aka yi don cike giɓin a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu aka gudanar da shi.

Haɗarin shi ne rashin dawowa a ƙarasa. Gurbin horo ba ya jiran mutum sai da takardar hutun karatu. In ka dawo, hannunka ya yi sanyi a aikin asibiti, tsaranka sun zama manyan likitoci, kai kuma za ka koma kwanan kol a ƙarƙashinsu da digirin digirgir a aljihu. Ba kowa ke jure wannan ba. Wanda bai jure ba sai ya zauna a tsakiya: ba babban likita ba ne da zai riƙe marasa lafiya da sunansa, kuma a sashen asibiti na jami'a ba zai yi nisa ba tare da feloshif ba. In gurbin ya zo kuma saura shekara ɗaya ka gama, roƙi a ɗaga maka shi.

Hanya ta huɗu: tsarin ƙasashen waje da aka haɗa tun farko

Gaskiya ita ce, a tsari babu wadda ta kai ta. Ingila ta gyara nata bayan rahoton Walport na 2005 a kan horar da likitoci masu bincike. Horon likitan ƙwaƙwalwa a can shekara 6 ne, uku na tushe uku na sama, kuma akwai guraben da hukumar tallafin binciken lafiya, NIHR, ke biya inda likita ke ba bincike kashi 25 na lokacinsa har shekara 3, da nufin ya shirya neman tallafin digirin digirgir. Bayan digirin sai matakin malanta, rabi asibiti rabi bincike, har shekara 4. Lokacin binciken a rubuce yake cikin yarjejeniyar aiki, ba alfarmar shugaban sashe ba ce. A Amurka horon shekara 4 ne, kuma manyan jami'o'i na da layin bincike inda ake sakar wa likita mafi yawan shekararsa ta ƙarshe.

Amma a karanta sharuɗɗan da kyau. Guraben Ingila kaɗan ne, kuma za ka kara da waɗanda suka fara buga takardu tun suna ɗalibai, bayan ka ci jarrabawar samun lasisin aiki. A Amurka, manyan tallafin gwamnati na masu tasowa, irin su T32 da K23, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, don haka baƙo kan shekara yana aiki a gefen aikin wani. Shekarun da ka yi a gida ma ba lallai a ƙirga maka su ba. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takarda: mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Za ka ƙware, babu shakka, amma a kan matsalolin mutanen Landan ko Boston. Ba na zargin wanda ya tafi, kowa ya san halin da ya baro. Sai dai in abin da ya ja ka zuwa bincike shi ne matan jego na ƙauyenku ko yaran unguwarku, ka sani wannan hanya ce ta fi nisanta ka da su. Dixon Chibanda na Zimbabwe bai bar marasa lafiyarsa na Harare ba lokacin da ya yi digirinsa a Cape Town, kuma shi ne mai aikin horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, wanda aka buga gwajinsa a mujallar JAMA a 2016, ƙasashe suka kwaikwaya. Irin wannan tsarin, a yi rajista a waje a tattara bayanai a gida, ya fi dacewa da mu, kuma ya fi samuwa ga wanda ya riga ya gama horo.

Akwai rigimar da ba za a tsallake ta ba. A ƙarshen 2019 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta fitar da umarnin da ya sa digirin digirgir cikin sharuɗɗan ci gaban malaman asibiti. Ƙungiyar manyan likitoci, MDCAN, ta ƙi amincewa, tana cewa feloshif da kundinsa sun wadatar, har ta janye daga koyarwa a farkon 2020. Kwalejin ƙasa ta buɗe nata digirin MD na bincike. Maganar ta sake tashi a 2024 kan ko mai feloshif kaɗai zai iya neman kujerar shugaban jami'a. Ina tare da likitocin a kan cewa feloshif ba ƙaramin abu ba ne. Amma matashin da ke tsara rayuwarsa kada ya gina ta a kan yadda rigima za ta ƙare. Masu ba da tallafi na waje PhD, wato digirin digirgir, suka sani, kuma da shi ne za ka duba ɗaliban da ba likitoci ba, masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jinya da na walwala, waɗanda babu binciken ƙwaƙwalwar da zai yi nisa ba tare da su ba. Wanda burinsa ƙarin girma a cikin gida kawai, MD na iya isar sa, bayan ya tambayi jami'arsa ko ta amince da shi.

Inda za a zauna bayan horo ma zaɓi ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna da marasa lafiya da yawa da tarin fayiloli na shekaru, taska ce ga mai bincike, albashinsu kuma na tsarin likitoci ne. Amma ba su da matakan malanta, ba kuma sa cikin masu cin gajiyar TETFund. Jami'a na da ɗalibai da hanyar zama farfesa, sai dai malaman asibiti sun daɗe suna kukan cewa albashin jami'a bai kai na asibiti ba. Masu dabara kan zauna a ɗaya su nemi alaƙa da ɗayan. A kuma lura cewa kuɗin bincike sun yi wuya: TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, tallafin Amurka ma ya shiga rashin tabbas a shekarar. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, tsarin Faransanci ya riga ya jera matakan: a yi ƙwarewa, kamar a asibitin Fann na Dakar inda likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe Henri Collomb ya kafa makarantarsa, sannan a tara takardu a shiga gasar zama farfesa ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Nasu ya fi kama da hanya ta farko.

Duk hanyar da aka bi, abu biyu ne ke raba wanda ya kai da wanda ya tsaya: jagora da lokaci. Kada sunan farfesa ya ruɗe ka. Bincika takardun da ya buga cikin shekara biyar da suka wuce, ka duba ko sunayen ɗalibansa na zuwa a farko ko kullum nasa ne. Tambayi waɗanda suka wuce ta hannunsa mako nawa yake ɗauka kafin ya mayar da babi. In sashenku babu mai irin wannan, ba aibi ba ne ka riƙe babbanka na gida don girmamawa da sa hannu, ka nemi na biyu a wata jami'a ta intanet.

Kundin Kashi na Biyu kuma a mayar da shi harsashi. Zaɓi tambayar da za ta iya girma: in ka auna ingancin wani ma'aunin damuwa a harshen Hausa yau, gobe da shi za ka yi babban bincike, wasu ma su amfana. Ka karɓi lambar waya da izinin sake tuntuɓar waɗanda ka bincika, domin mutanen da aka gani sau ɗaya suna iya zama waɗanda za a bi shekara uku. Ka buga aikin cikin shekara guda a mujallar da ake tantancewa da gaske, ka guji masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako ɗaya, domin masu ba da tallafi sun san su, kuma suna zubar da mutunci. Batun izini kuwa, a ƙasar Hausa ba wasa ba ne. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Mara lafiyar ƙwaƙwalwa ya fi kowa rauni a nan, domin wani lokaci ba ya cikin halin da zai ce e ko a'a, kuma sa hannun wansa ko mijinta bai ɗauke maka nauyin yi masa bayani da harshensa in ya dawo hayyacinsa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙinsa, kuma mai bincike ya kamata ya san ta ciki da bai.

Ga likitoci mata lissafin ya ɗan bambanta, domin shekarun babban rijistara su ne galibi na haihuwa da raino. Ɗora digiri a kan wannan zalunci ne ga kai. Hanya ta farko, da digirin da ake tattara bayanansa a gida, ta fi sauƙin ɗauka. Kuma muna matuƙar buƙatar su, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, da maganganun da mace ba za ta faɗa masa ba.

Wanda bai tabbatar yana son bincike ba, ya gama horo, ya gwada kansa da kundin, in ya ji daɗin aikin ya ci gaba. Wanda ya tabbata, ya ƙara digiri na biyu a zangon babban rijistara, ya shiga na uku da zarar feloshif ya zo hannu. Dakatar da horo na mai cikakken tallafi ne a fagen da ba a iya yi a gida. Kuma ranar da za a ɗauke ka aiki, a jami'a ko a asibiti, lokacin ne kake da bakin magana, tunda su ke neman ka: nemi a rubuta maka a takardar ɗauka kwana nawa a mako ne na bincike, da shekarar da za ka cancanci hutun karatu da albashi.